Layin Inna da Na Goge

Maganin hawan jinin Inna yana cikin jakata lokacin da Manaja ya kira ni. Na fito daga kantin magani ke nan, ina bakin titi ina jiran mota, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ya ce in koma ofis. Gobe da safe manya za su zauna, kuma a allo suke son ganin alƙaluma, ba a takarda ba.

"Aikin minti nawa ne?" in ji shi.

"Ashirin, ranka ya daɗe."

Haka nake. Ko ba a matsa min ba sai na rage lokaci. A ofis Sarkin Sauri suke ce min, ni kuwa sunan na yi min daɗi, har ɗaga kafaɗa nake yi.

Na kira Inna na ce zan ɗan makara. Tun rasuwar mahaifina mu biyu ne a gidan, sai sandarta ta uku, don ƙafarta ta hagu ta daɗe da ƙin ɗaukarta. Ta ja tsaki a waya, irin tsakin da take ja min tun ina rarrafe.

"Auta, kai da aikin nan kamar kwamfutar ka aura. Maza ka gama ka zo. Kaina na sara."

Kamfaninmu na inshorar lafiya ne. Duk wanda ya yi rajista, shi da iyalinsa, sunansa na cikin rumbun bayanai, har mu ma'aikata. Rumbun ba a ofishinmu yake ba. Yana can a abin da muke ce wa gajimare, wato wasu injuna a wani wuri da ko ɗayanmu bai taɓa takawa ba, ta intanet muke shiga. Aikina shi ne in haɗa rumbun da sabuwar manhajar nazari da aka saya, wadda ke ɗebo bayanai ta mayar da su zane da alƙaluma. Ka ba ta adireshin rumbu, ka ba ta makulli, ta shiga. Shi ke nan fa.

Wanda ya gina rumbun wani dattijo ne mai yawan tari, shekara tara yana riƙe da shi. A gabansa Baba muke ce masa, a bayansa Kunkuru. Ni na yi masa zagon ƙasa, ba zan ɓoye ba. Na nuna wa Manaja cewa aikin da yake kwana uku a kai, ni zan gama kafin shayi ya huce. Farkon wata aka sallame shi. Ranar da zai tafi na taya shi ɗaukar kwalinsa har bakin lif, ina kwaikwayon tarinsa a bayansa, 'yan ofis na ƙunshe dariya. Ya ji sarai. Bai juyo ba.

Mai gadi ya buɗe min ƙofa yana hamma. Na hau hawa na huɗu. Kowa ya tashi, sai warin sabulun goge ƙasa da gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Ta taga ina hango sama ta yi kalar tsatsa.

Na zauna a teburin Baba, wanda ya zama nawa. Da na ja aljihun teburin neman biro, sai ga wata 'yar takarda manne a ciki, da rubutunsa mai karkata.

"Ƙaramin makulli kawai. Ka duba ka wuce. Abin da ka gani biyu, bar shi biyu."

Na yi dariya. Makullan rumbu biyu ne, dogayen haruffa ne da ake liƙa wa manhaja. Ƙaramin na kallo ne kaɗai. Babban kuwa yana rubutawa, yana gogewa. Ƙaramin ya tsufa, sabunta shi zai ci min minti goma, ni kuma na ce ashirin. Na ɗauko babban na liƙa. Takardar Baba na dunƙule ta na jefa a kwando.

Ɗigon da ke kusurwar allo ya koma kore. An haɗu.

A daidai nan na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru.

Ban damu ba. Ina kallon alƙaluma na hawa. Na san yawan mutanenmu kamar yadda na san lambar wayata, dubu arba'in da 'yan kai. Lambar ta wuce dubu arba'in ba ta tsaya ba. Sai da ta ninka cif sannan ta tsaya.

"Ka ji aikin Kunkuru," na faɗa a fili. Muryata ta dawo min wani iri, kamar ɗakin ya ƙara faɗi.

Na buɗe jadawalin. Kowane mutum layi biyu gare shi. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lambar waya ɗaya, har kuskuren rubutu ɗaya. Wuri guda suka bambanta, gurbin da ke nuna ranar da aka taɓa layin na ƙarshe. Layin sama na nuna tsohuwar rana, wani bara, wani shekara biyar. Layin ƙasa kuwa, na kowa da kowa, yau yake nunawa. Minti ɗaya da ya wuce. Na kalli taga. Rana ta faɗi.

Gurbin sunan wanda ya taɓa layin babu komai a ciki.

Wani wari ya shigo, irin na ƙasa idan ruwan farko ya sauka a kanta. A hawa na huɗu, tagogi a rufe, sama babu ko ɗigon hadari. A ƙarƙashinsa akwai warin toka mai sanyi.

Mai hankali da ya tattara ya tafi. Amma mu a sana'armu akwai ƙa'idar da ko cikin barci aka tashe ka za ka faɗa: in layi ya maimaitu, ka riƙe sabo, ka goge tsoho. Akwai kuma ta biyu, cewa kafin ka share dubbai ka fara gwadawa a kan layin da ka sani. Na buga lambar gidanmu. Layi huɗu suka fito, biyu nawa, biyu na Inna.

Na kai linzamin kwamfuta kan nawa, sai na tuna da shi nake shiga manhajar. In ya lalace zan sha wahalar dawowa. Na sauko da shi ƙasa.

Na zaɓi tsohon layin Inna, na danna goge. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Ban ma karanta ba.

Lambar ta ragu da ɗaya.

A bayana wani ya sauke numfashi. Dogo, a hankali, irin na wanda ya daɗe da kaya a ka aka taya shi saukewa. Iskar ta taɓa min ƙeya.

"An gode," aka ce, ƙasa-ƙasa.

Na juya. Kujeru ne kawai a jere, da fulawar roba a kusurwa. Kujera ɗaya tana juyawa kaɗan-kaɗan, ta tsaya tana fuskantata.

Wayata ta yi ƙara, na zabura har na bugi gwiwa. Lambar Inna.

"Ka taho gida," in ji ta. Muryarta ce, babu tantama. "Ba sai ka kawo maganin ba. Kan ya daina. Ƙafar ma ta daina."

"Inna?"

"Na'am. Ka gama sauran aikin tukuna, sannan ka taho."

Ba ta ja tsaki ba. Ba ta ce Auta ba. Tunda ta haife ni ba ta taɓa buɗe baki ta yi min magana ba tare da ta ce Auta ba, ko zagina za ta yi. Kuma ina jin takunta a tsakar ɗaki, ƙafa biyu daidai, babu ƙwas-ƙwas na sanda.

Ta kashe.

Sai lasifikar kwamfutar ta fara huci. Ban kunna komai ba. Na kai kunne. Can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, wata murya na fitowa a gajiye.

"Auta. Wa ya kashe fitila?"

Na buɗe kwandon sharar rumbun, inda abin da aka goge ke zama kafin ya ɓace. Layinta na nan shi kaɗai, da agogo a gefensa yana ƙirga baya. Baba ya saita shi a minti talatin. Saura ashirin da shida. Na danna maido. Aka rubuto min: gurbin a cike yake. Na sake dannawa. Na danna har yatsana ya yi zafi.

"Auta, ba na ganin ƙofa."

Babu kunya na kira Baba. Ta yi ƙara sau shida kafin ya ɗauka. Tarinsa na fara ji.

"Baba, ni ne. Na goge layi."

Ya yi gyaran murya.

"Da wane makulli ka shiga?"

"Babba."

"Na wa ka goge?"

"Na mahaifiyata."

Ya yi salati a hankali. Ban ji ɗigon murna a muryarsa ba, kuma wannan ya fi ƙona min rai fiye da in ya zage ni.

"Saurara, ɗana, lokaci babu. Kowane mutum yana da abokin tafiya da ba a gani. Tun fil azal ba mai rubuta sunansu. Da muka kwashe sunayen mutane muka zuba a wurin da ba shi da ƙasa ba shi da rufi, sai suka samu kango, suka shigo, kowa ya rubuta kansa kusa da nasa. Kullum faɗuwar rana suke sabunta layinsu, don sun san ƙa'idarmu. Shekara tara ina kallonsu suna kallona. Ido kawai ba ya ba su komai. Hannu suke jira."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Ku da kuke dariyar tarina?"

Saura minti goma sha tara. Fitilar ƙarshen ɗakin ta mutu. Ta kusa da ita ta bi.

"Baba, don Allah. Yaya zan maido ta?"

"Mataki biyu ne. Na farko, sai an buɗe gurbi. Ba sa sakin tsohon layi sai an ba su tsohon layi."

"Na wa?"

"Naka na gabanka."

Na kalli layina. Sunana, ranar haihuwata, lambar takalmin da na taɓa rubutawa a gurbin da ba nata ba don wasa. Na ɗora linzami a kai.

"Ita ta haife ka," in ji Baba. "Ni dai abin da na sani na gaya maka. In ka yi, ka ce min, in faɗa maka na biyun da sauri kafin abin ya kama ka. Za ka samu kamar numfashi uku."

"Auta," in ji lasifikar. "Akwai sanyi."

Ina son uwata. Wallahi ina sonta, kuma har gobe ba wanda zai gaya min ba haka ba. Amma na kalli layin nan na ji ba zan iya ba. Tsoro ne tsagwaronsa. Sai wata dabara ta faɗo min, irin dabarun da ake yabona a kansu. Wanda aka sallama, inshorarsa ba ta yankewa sai ƙarshen wata.

Na buga lambar Baba. Layinsa biyu suka fito.

"Kana ji na?" ya ce. "Na ji kana danne-danne. Ka yi?"

"Ina yi, Baba."

"Allah ya yi maka albarka. Ban zaci za ka iya ba. To saurara da kyau, da zarar ka goge, sai ka koma kan sabon layinta, ka..."

Na riga na danna goge a kan tsohon layinsa.

Sauri. Ko jira ya ƙarasa ban yi ba.

Wayar ta yi tsit. Na ji wani abu ya faɗi, kamar kofi a kan siminti. Sannan aka ja numfashi mai tsabta, babu kakari, babu tari.

"Madalla," in ji muryar Baba, garau. "Sannu da aiki."

"Na biyun. Baba, mataki na biyun."

Aka yi 'yar dariya.

"Ai shi ya sani. Ni ban sani ba."

Na danna maido a layin Inna. Gurbin a cike yake. Na koma kan sabon layinta. Na yi ƙoƙarin goge shi, ya ƙi. Na canza masa suna, ya dawo. Na canza rana, ta dawo. Duk abin da na iya na gwada, da wanda ban iya ba.

Saura minti shida.

Yanzu murya biyu ke cikin lasifikar. Ɗaya na tari.

"Wane ne nan?" in ji Inna.

"Ni ne, baiwar Allah. Abokin aikin ɗanki."

"Yana zuwa?"

Na yi ihu a bakin lasifikar, na ce Baba ya faɗa min mataki na biyu, na ce ya yafe min, na rantse da duk abin da na sani. Ko ba ya ji na, ko ya ji ya yi shiru. Har yau ban san wanne ba.

Fitilu suka ci gaba da mutuwa ɗaya bayan ɗaya, suna matsowa. Kujerun ofis suka fara ƙara, irin ƙarar da suke yi in an zauna. Ta nesa. Ta kusa. Ta gefena.

Saura minti ɗaya.

"Auta," ta ce, a hankali sosai. "Ka ci abinci kuwa?"

Agogon ya kai sifili. Kwandon ya goge layinta. Hucin lasifikar ya ragu, sai tarin Baba kaɗai.

Linzamin ya motsa a ƙarƙashin tafin hannuna.

Wani hannu ne a kan nawa. Sanyi ƙalau, kuma daidai girman nawa, har tabon da ke babban yatsana. Ya ja kibiyar zuwa saman jadawalin. Ya zaɓi duka tsofaffin layuka, dubu arba'in, nawa a ciki.

Manhajar ta tambaya ko na tabbata.

"Ƙarasa," aka raɗa min da muryata. "Kai ne mai sauri."

Na fizge hannuna, na cire wayar wuta daga bango. Allon bai mutu ba. Ko da ya mutu ma aikin banza ne, rumbun ai ba a ɗakin yake ba.

Kibiyar na tafiya kan "eh".

Na zaro wayata. Shafin makullai. Na yi kuskure sau biyu.

Wani abu ya jingina da bayana.

Na soke babban makulli.

Ɗigon ya koma ja.

Wani irin nishi ya cika ɗakin, na baƙin ciki, daga bakuna da yawa. Ban tsaya lif ba. Ta matakala na gangaro, na faɗi, na tashi, takalmi ɗaya ya tsaya a can. Mai gadi ya ganni ya miƙe.

"Lafiya, yallaɓai? Ai yanzu na ga ka fita."

Na wuce shi a guje.

Da na isa gida fitilun duka a kunne suke. Inna na tsaye a tsakiyar falo, a miƙe sambal, ta share ko'ina, ta jera min abinci. Sandarta na jingine a bayan ƙofa. Ta yi min murmushi da dukkan haƙoranta, ta karɓi jakata, ta tambaye ni ko na gama aikin. Na ce saura. Ta ce ba komai, akwai gobe.

Wata huɗu ke nan. Maganin na nan cikin ledarsa ba a ɓare ba. Maƙwabta na yi min barka, wai Allah ya ba Inna lafiya, 'yar'uwata ma ta zo ta yi kukan daɗi ta koma. Ni kaɗai na san ba ta tsaki, ba ta faɗa, kuma ban taɓa ganin ta rufe ido ba. Kullum in rana za ta faɗi sai ta jawo kujera ta zauna tana fuskantata, ba ta cewa komai, har sai jan sama ya ɓace.

Na ajiye aikin washegari. Na gaya wa Manaja kar ya bari kowa ya taɓa layukan nan, ya kalle ni kamar mai taɓin hankali. Ya ce alƙaluman sun ninka a gaban manya, ya sha kunya, kuma tuni ya samu mai gyarawa. Baba ya dawo da ƙafarsa neman aiki. Wai ya warke daga tari, ya zama wani irin mai zafin nama, kowa na mamaki. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi babban makulli. Manaja ya ce sai manya sun sa hannu, kuma takardar na kan teburinsu.

Ban gudu ba. Ina zan je, fuskar uwata ce. Wani lokaci in ta juya baya tana wanke kwano, sai in bar kaina in manta na ɗan lokaci.

Jiya na dawo na tarar da ita gaban madubi, bakinta na motsi, tana gwada wata kalma. Da ta ganni sai ta juyo. Ta karkatar da kai yadda Inna ke yi, ta ja ɗan tsaki, bai fita daidai ba, ta sake ja.

"Auta," ta ce.

Ta kusa iyawa. Saura kaɗan.

Na ce, "Na'am, Inna."